Guzurin kwana biyar a ƙafa: me za a zuba a jakar baya?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu ne, abokai, muna shirin zuwa gandun dajin Gashaka-Gumti a watan Disamba don mu hau dutsen Chappal Waddi. Mun ware kwana biyar na tafiyar ƙafa da kwanan daji, kowa da jakarsa a baya. Babu firji, babu kasuwa a hanya. Ɗaya daga cikinmu ya ce mu cika jaka da Indomie da sadin da burodi, wani kuma ya ce garin kwaki da sukari sun wadatar. Wane abinci za mu ɗauka wanda ba ya lalacewa, ba ya cin wuri, kuma zai riƙe mu? Nawa ne zai ishe mu?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kai ku lafiya. Tambayarka kashi uku ce a dunƙule: abin da zai kwana biyar bai ɓaci ba, abin da ba zai karya muku baya ba, da kuma yawan da zai ishi mai hawan dutse tun safe har la'asar. Abokanka biyu kowa ya kama wani gefe, amma idan kuka bi ɗayansu shi kaɗai za ku sha wuya tun daga kwana na uku.

Chappal Waddi, wanda wasu ke kira Gangirwal, shi ne dutse mafi tsawo a Nijeriya, mita 2,419, a Jihar Taraba kan iyaka da Kamaru. Wannan tsawo da yanayin wurin suna da ruwa da tsaki a zancen abinci. Da dare akwai sanyi sosai, ga raɓa da hazo ko da a cikin rani, ga rafuka da ake tsallakawa. Mutumin Kano ko Katsina ya saba da hunturun da zai bar gari a buɗe mako guda ya same shi garau. A can ba haka abin yake ba, kuma yawancin guzurin da ke lalacewa danshi ne ke cinye shi kafin zafi.

Nauyin abinci ruwa ne

Abin da nake so ku riƙe kafin komai shi ne, mafi yawan nauyin abincin da muke ci a gida ruwa ne. Ɗanyen tumatir kusan kashi 94 cikin ɗari ruwa ne. Albasa ta kusa kashi 90. Ɗanyen nama ya haura kashi 70, doya ma tana wajen nan. Burodi kansa, da ake gani kamar busasshe, sama da kashi ɗaya cikin uku ruwa ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma ruwa ba ya ba jiki ƙarfin tafiya ko kaɗan. Tunda akwai rafuka a hanya, ba dalilin da zai sa ka goyo ruwa a cikin abinci tun daga gida. Sannan ruwan nan shi ne ƙwayoyin cuta da fumfuna suke rayuwa da shi. Ka cire shi, ka rage nauyi kuma ka hana lalacewa a lokaci guda.

Fatake da mahajjatan ƙafa da makiyaya sun daɗe da sanin haka. Ayarin raƙuman da ke ƙetare hamadar Tenere daga Agadas zuwa Bilma don ɗauko gishiri, da guzurin gero da dabino da busasshen cuku yake tafiya, abin da ake haɗa tukuɗi da shi ke nan. Kilishi da dambun nama da ƙuli-ƙuli da nakiya duk dabarun cire ruwa ne. Shi ya sa ban ga dalilin sayen buhunan abincin masu hawan dutse da ake shigowa da su daga Turai da Amurka ba, irin wanda ake daskarar da shi a zuƙe ruwansa da inji. Yana da kyau, ruwan zafi kawai yake buƙata, amma kuɗin kwano ɗaya zai haɗa maka guzurin yini guda a kasuwar unguwarku.

Abu na biyu shi ne ƙarfin da ke cikin kowane giram, wanda ake aunawa da kalori. Sitaci da sukari da furotin kowannensu yana ba da kalori 4 a giram ɗaya, maiƙo kuwa 9. A giram 100, man gyaɗa yana da wajen kalori 880, soyayyiyar gyaɗa da riɗi wajen 570 zuwa 590, madarar gari mai cikakken maiƙo wajen 500, garin kwaki da shinkafa da kuskus tsakanin 350 da 370, dabino wajen 280, burodi wajen 265. Namiji mai matsakaicin jiki da ke hawa da kaya a baya awa shida zuwa takwas yana ƙona abin da ya kai kalori 3,000 zuwa 4,000 a yini. Idan gari da sukari kawai za ka dogara da su, sai ka ci kusan kilo guda kowace rana, kuma duk da haka babu furotin, babu maiƙo, babu gishiri. Cikinka zai cika ƙafarka ta mutu. Shi kuwa mai sadin, gwangwani ɗaya giram 125 ne, kuma bayan an ci sai an goyo gwangwanin har ƙarshen tafiya. Burodi zai lotse a rana ta farko, ya fara fumfuna a ta uku ko ta huɗu.

Ma'aunin da nake aiki da shi shi ne giram 750 zuwa 850 na busasshen abinci ga mutum ɗaya a yini, a haɗa shi yadda kowane giram zai ba da kalori huɗu ko sama da haka. Mai da gyaɗa da madara su ne ke ɗaga lissafin.

Abincin yini ɗaya

Ga yadda zan tsara wa mutum ɗaya. Da safe kunu: garin gero giram 80, madarar gari 30, sukari 20, da markaɗaɗɗiyar gyaɗa 20. A gasa geron a kasko tun a gida har ya yi ƙamshi kafin a niƙa shi da citta da kanumfari. Gasasshen gari ba ya saurin lalacewa, kuma minti biyu zuwa uku a tafasasshen ruwa sun ishe shi, ba sai an zauna ana jiran ɗanyen gari ya nuna ba. A haɗe garin da madarar da sukarin a leda ɗaya tun a gida.

Abin taunawa a hanya: soyayyiyar gyaɗa giram 70, dabino 80, kantu ko dakuwa 50, kilishi 40. Wannan kason mutane suka fi rainawa, alhali shi ke riƙe ƙafa. Kada a jira yunwa. Duk bayan awa ɗaya ko ɗaya da rabi a jefa wani abu a baki ana tafiya, domin wanda ya bari sai da jiri ya kama shi a tsakiyar hawa zai daɗe bai dawo daidai ba ko da ya ci. A cire ƙwallon dabino a gida. A sa wannan ledar a aljihu ko a saman jaka, don abin da ke ƙasan jaka ba wanda zai sauke kaya ya tono shi.

Da rana kada ku hura wuta. Kwaɗon gari ya isa: garin kwaki giram 100, dakakken ƙuli 40, mai babban cokali ɗaya, yaji da gishiri, a yayyafa ruwa mai tsabta a bari ya jiƙa. Wanda ya fi son jiƙa shi da sukari da madara da gyaɗa, hakan ma daidai ne, sai dai na fi son kwaɗon saboda gishirin da gumi ya fitar. Idan aka samu dafaffen zogale da aka shanya ya bushe, a jiƙa ɗan kaɗan a zuba.

Da dare abinci mai zafi: kuskus giram 130, dambun nama 50, mai giram 25, da garin kayan miya wajen giram 20. Garin kayan miyan nan a gida ake haɗa shi: busasshen tumatir, busasshen tattasai, busasshiyar albasa, daddawa, ɗan dunƙule da gishiri, a daka su tare. Sai shayi safe da dare, sukari giram 20 da madara 15. Ganyen shayi ba abin wahala ba ne a tsaunin Mambila, can ake noma shi a Kakara.

Idan ka tara, nauyin ya kama giram 800 da 'yan kai, ƙarfin kuma wajen kalori 3,400 zuwa 3,500. Ku huɗu a kwana biyar za ku buƙaci garin kwaki kilo 2, kuskus kilo 2.6, garin kunu kilo 1.6, dabino kilo 1.6, gyaɗa kilo 1.4, dambu kilo 1, kantu kilo 1, madara giram 900, sai kilishi da ƙuli da sukari giram 800 kowanne, markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin kayan miya giram 400 kowanne, da mai kusan lita ɗaya. Ku ƙara wa kowa ledar ko-ta-kwana mai giram 500, ta abin da ba sai an dafa ba, wadda ba za a taɓa ba sai tafiya ta ƙara kwana. Kowa zai tashi da abinci wajen kilo 4.5. Wannan yana da muhimmanci domin bai kamata jakar gaba ɗayanta, da ruwa da tanti da bargo, ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin mai ɗaukarta ba, kuma kashi ɗaya cikin biyar ya fi sauƙi. Ku ari sikelin kicin ku auna. Awon mudu da gwangwani yana yaudara, gwangwanin gari da gwangwanin sukari ba nauyinsu ɗaya ba.

Me ya sa kuskus, ba shinkafa da wake ba? Saboda wuta. Duk hawan mita 300 ruwa yana rage kusan digiri ɗaya a zafin da yake tafasa, don haka kusa da ƙolin dutsen a wajen digiri 92 zai tafasa maimakon 100. Yana ɓararraka amma zafinsa bai kai ba, sai shinkafar minti ashirin ta ƙara lokaci, wake kuwa ka kwana kana jira. Kuskus ruwan zafi daidai yawansa kawai ake zuba masa, a rufe minti biyar. Don kada a gundura, a canja shi wani dare da acca, wadda ita ma ba ta daɗewa, amma a wanke yashinta a shanya ta tun a gida. Wani daren a yi Indomie, a murmushe ta a cikin ledarta don ta rage cin wuri, a ƙara mata dambu da mai domin ita kaɗai ba ta riƙe ciki. Ɗanwake ma yana yiwuwa idan an tafi da haɗaɗɗen garinsa da kuka da kanwa, sai dai yana cin ruwa da wuta da babbar tukunya, don haka a bar shi sai daren da aka sauka kusa da rafi.

Inda guzurinmu ke ba da matsala

Kilishin da ake sayarwa don a ci yau ba shi ne kilishin tafiya ba. Yawancin masu saye sun fi son mai taushi, taushin nan kuwa ragowar ruwa ne. Ka gaya wa mai kilishin cewa na tafiya kake so, ya ƙara gasa maka shi, marar kitse. Gwajinsa: idan ka lanƙwasa ya karye, ya yi, idan ya lanƙwasu kamar fata, bai bushe ba. Babban kuskuren da ake yi shi ne a zuba shi a leda da ɗuminsa a ƙulle. Zai yi gumi a ciki, cikin 'yan kwanaki ka ga fari ko kore ya fito masa. A bar shi ya huce sarai, a naɗe a takarda mai tsabta marar rubutu, sannan a sa a leda. Labun da ake shafa masa na gyaɗa ne, mai maiƙo, shi ya sa idan ya sha rana da iska yake canja wari ya riƙa maƙaƙi a wuya. Sannan yaji da gishirinsa suna tayar da ƙishirwa, don haka na tsayar da shi a giram 40, kuma gara a ci shi inda ruwa yake kusa.

Dambun nama ya fi kilishi dacewa da tukunya. Sharaɗinsa a soya shi har tururi ya daina tashi, ya zama wara-wara, idan ka matsa a hannu ba ya dunƙulewa. Kada a zuba masa ɗanyar albasa bayan an sauke. A raba shi ƙananan ledoji, ɗaya ga kowane dare, maimakon roba guda da kowa zai riƙa tsoma jiƙaƙƙen hannu a ciki. Dambun kaza da na kifi ma haka. Bandar kifi kuwa ba na ba da shawararta: tana farfashewa, warinta yana kama komai kuma yana kiran dabbobi, sau da yawa ma akwai ƙwari a cikinta tun daga kasuwa. Wanda ya saba cin soyayyiyar fara, ita ma guzuri ce mai kyau, ba nauyi ga furotin.

Gyaɗa a tsince ta da kyau. Duk ƙwayar da ta yamushe, ko ta yi baƙi, ko take ɗaci, a zubar. Akwai fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan sun ji danshi, tana barin guba mai suna afalatoksin da ke cutar da hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Wannan ya shafi ƙuli da dakuwa, don haka a saya inda aka san ana yin sabo. Ƙuli mai tauri a daka shi tun a gida. Haƙori ya karye a nisan kwana biyu daga mota ba ƙaramin abu ba ne.

Mai shi ne abin da ya fi kowane amfani, shi ne kuma ya fi ɓarna idan ya zube. A zuba shi a ƙananan robobin lemo guda biyu da aka wanke suka bushe ƙarƙaf, a shimfiɗa 'yar leda a bakin kafin a murɗa murfi, a sa a wata ledar, a tsayar da shi a cikin tukunya. Kwalba ba ta shiga jakar tafiya. Soyayyen man shanu yana da wata fa'ida: sanyin dutse yana daskarar da shi, ba ya zuba, ga ɗanɗano a kuskus. Manja ma yana daskarewa, amma a roba mai ƙaramin baki sai an gasa shi kafin ya fito, kuma inda ya taɓa ya ɓata. Kada a jiƙa ɗanyar tafarnuwa ko albasa a cikin mai a rufe a ce an yi man ƙamshi na tafiya. Inda babu iska kuma akwai danshi, nan ƙwayar cutar da ke kawo gubar botulizim take girma. Ita ce dalilin da ya sa duk gwangwanin da ya kumbura ko ya tsatsa a bakin rufi ba a cin abin cikinsa.

Fura, dafaffen ƙwai, tsire, soyayyiyar kaza, burodi da ayaba na ranar farko ne, a cinye su kafin dare. Lemo da albasa guda biyu ko uku suna iya kai ku gaba, kuma na yarda da ɗaukar nauyinsu saboda yadda suke farfaɗo da baki idan busasshen abinci ya fara gundurar mutum. Ragowar abin da aka dafa da dare, musamman shinkafa ko taliya, kada a ajiye don rana. Akwai ƙwayar cutar da dahuwa ba ta kashe irinta, idan abinci ya daɗe da ɗumi-ɗumi sai ta yaɗu ta saki guba mai sa amai, ɗumame kuma ba ya gyara shi. A dafa daidai ciki.

Ɗauri da shiryawa

A zubar da kwalaye da gwangwanayen da kayan suka zo a ciki. A raba abinci yini-yini, kowane yini da ledarsa da lambarsa, a cikinta ƙananan ledojin safe da rana da dare. Amfanin haka biyu ne: ba za ku cinye dabino da kilishi a kwana biyun farko ku ƙare da gari zalla ba, sannan idan ruwa ya shiga leda ɗaya, ita kaɗai aka rasa. A matse iska kafin a ƙulle. Gari da madara da sukari a yi musu leda biyu. Kafin a zuba komai, a shimfiɗa babbar leda mai kauri a cikin jakar kanta, saboda tsallaken rafi. Abinci mai nauyi ya zauna a tsakiyar jaka daf da gadon baya. Kuma kada mutum ɗaya ya ɗauki duk abincin dare wani ya ɗauki duk na safe. Kowa ya riƙe abin da zai ci ko da an rabu na ɗan lokaci.

Kananzir da sabulu da turare da maganin sauro su yi nesa da abinci. Garin kwaki da madara suna shan wari ta cikin leda, kuma garin da ya sha kananzir ba ya gyaruwa.

A zango, kada a kwana da abinci a cikin tanti. Cinnaka da kwarkwasa za su same shi, ɓera zai huda tanti da jaka don gyaɗa. Batun ɓera ya wuce asarar abinci: zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake shiga abinci, Taraba na cikin jihohin da ake samunsa, kuma a rani ya fi tashi. Gari shi ne abin tsoro domin ba a dafa shi. A tara abincin a jaka ɗaya a rataye da igiya a reshe, nesa da gindin bishiyar, ko a sa a roba mai murfi mai ƙarfi. Abin da aka ga alamar haƙorin ɓera a ledarsa a zubar. Da rana kuma gwaggon biri ne matsala a dajin, kada a bar jaka a buɗe a tafi wanka, kada kuma a jefa musu abinci.

Ruwa da gishiri da wuta

Busasshen guzuri yana mayar da dukan lamarin kan ruwan da za ku samu a hanya. Kowa zai sha lita uku zuwa huɗu a yini, ban da na girki. Rafin dutse yana da haske da sanyi, amma akwai shanu da rugage a sama da ku, kuma hanyar da gudawa ta fi shiga matafiya ita ce a jiƙa gari da ruwan rafi kai tsaye. Ruwan kwaɗo da na dama madara ruwan sha ne, a tsabtace shi. Idan tafasawa ce, minti ɗaya yana ɓararraka ya isa a ƙasa, sama da mita 2,000 kuma a ba shi minti uku. Sai dai ku lissafa: ku huɗu lita goma sha shida ce a yini. Ƙaramar tukunyar gas mai giram 230 wajen lita goma sha biyar take tafasawa idan ba iska. Ke nan gas na girki ne da shayi, wanda guda biyu zuwa uku za su ishe ku, ruwan sha kuma a nemi ƙwayar kulorin irin su Aquatabs, ko matatar ruwa ta hannu. A bi awon da ke jikin kwalin domin girman ƙwayoyin ya bambanta, a jira minti 30. Ruwa mai laka a tace shi da ƙyalle a bar shi ya kwanta tukuna, don kulorin ba ya aiki sosai a gurɓataccen ruwa. Dakakken irin zogale yana kwantar da laka, amma ba ya maye gurbin maganin. Nonon da za a ba ku ko ku saya a ruga, madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauke da cuta, a tafasa ta.

Ku tafi da ledojin ORS, wato haɗin gishiri da sukari da ake sha idan ana gudawa, guda goma ko fiye. Idan sun ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a ƙara gishirin. Wanda ke shan ruwa da yawa yana gumi ba ya cin gishiri zai ji ciwon kai da ɗaurewar ƙwauri, shi ya sa yaji da gishiri ba ado ba ne a wannan tafiya. Wata matsalar da ba a cika faɗa ba ita ce taurin bayan gida, saboda gari da ƙuli da kilishi. Dabino da zogale suna taimakawa, haka jiƙon tsamiya, ko miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa a ɗaya daga cikin dararen. Garin tuwo kaɗan da garin kuka ba su da nauyi.

Idan da itace za ku yi girki, Disamba ciyawa ta bushe, wuta tana kuɓucewa cikin ƙiftawar ido. A share wurin, a kashe da ruwa har toka ta huce. Ashana a leda, da laita biyu a jakunkuna daban-daban. Duk leda da gwangwanin da ya shiga daji da ku ya fito da ku.

Waɗannan alƙaluma kimantawa ce. Mai kilo 55 da mai kilo 90 ba cinsu ɗaya ba, ƙarfin da ke cikin ƙuli ko kilishi ma ya danganta da yawan man da aka bari a ciki. Hanyar da za ku gane naku ita ce ku haɗa ledar yini ɗaya, ku ɗauki jakunkunanku da nauyinsu na gaskiya, ku yi doguwar tafiya a kusa da gida kuna cin wannan kaɗai. Abin da ya ragu a rage shi, abin da ya gagari wani ci a canja, domin gajiya da tsawo suna rage sha'awar abinci, kuma abin da mutum ba ya so a gida ba zai so shi a kan dutse ba. Idan a cikinku akwai mai ciwon sukari, ko hawan jini, ko ciwon ƙoda, ko olsa, ko wanda gyaɗa ke tayar wa da borin jini, tsarin nan cike yake da sukari da gishiri da yaji da gyaɗa, sai ya kai wa likitansa ya gyara masa kafin tafiya.

Ba a shiga gandun sai da izini da rakiyar ma'aikatansa, kuma hedikwatarsu tana Serti. Ku tuntuɓe su kafin ku sayi ko mudu ɗaya. Ku tambayi yanayin tsaron hanyar a lokacin, kwana nawa hanyar da za su bi da ku take ci, inda ake samun ruwa a watan Disamba, da ko an yarda a hura wuta a zangon. Ku kuma yi magana a fili kan ciyar da ɗan jagora da 'yan dako, idan za ku ɗauka. A al'adarmu ba za ku zauna kuna ci suna kallo ba, to idan lissafin mutum huɗu kuka yi alhali bakuna bakwai ne, abincin kwana biyar zai ƙare a rana ta uku. Idan a kanku cin nasu yake, ku ƙara giram 800 a kan kowane mutum kowace rana, ku tambayi abin da suka saba ci, sannan ku ware sukari da ganyen shayi da goro daban don gaisuwa a ƙauyuka da rugagen da za ku ratsa.